Cunkoson Apapa ba a cikin ruwa yake ba

Tun da Ministan Harkokin Teku, Adegboyega Oyetola, ya sanar a watan Oktoban 2025 cewa gwamnatin tarayya ta amince a kashe dalar Amurka biliyan 1 wajen sabunta tashoshin jiragen ruwa na Apapa da Tin Can, masu tafi ba su huta ba. Wai za a sake gina gaɓar da jirage ke tsayawa, a yashe ruwa ya ƙara zurfi, a kawo sababbin injinan ɗaga kaya, daga nan kuma cunkoso ya zama labari. Ban musa cewa tashoshin sun tsufa ba. An buɗe Tin Can a 1977, Apapa kuwa tun zamanin Turawa take, kuma Hukumar Tashoshin Jiragen Ruwa ta NPA da kanta ta sha kukan cewa bangon gaɓar Tin Can yana zaizayewa. A gyara, babu laifi. Abin da ke ba ni haushi shi ne yadda ake sayar mana da gyaran a matsayin maganin cunkoso, alhali duk wanda ya taɓa jiran kwantenarsa a Legas ya san ba a nan gizo yake saƙar ba.

Jirgi ba ya tsayawa a teku don sha'awa. Yana jira ne saboda wurin da zai tsaya akwai wani jirgin a ciki. Shi kuma wancan bai tashi ba saboda filin ajiye kwantena ya cika, sai an yi ta ɗaga wannan ana sauke waccan kafin a sami inda za a ajiye abin da ya kawo. Filin ya cika ne saboda kayan da aka sauke tun makonnin baya ba su fita ba: wasu na jiran kwastam, wasu na jiran sa hannun wata hukuma, wasu an gama da su amma motar da za ta ɗauka tana maƙale a gadar Ijora. Layin jiragen da ake hangowa daga gaɓar Legas wutsiyar layin tireloli ce. Jami'an gwamnati da bakinsu sun yarda cewa kwantena kan yi kusan mako uku a tashoshinmu kafin ta fita, alhali a Kwatano 'yan kwanaki ne. To idan ka kawo injin da ke sauke kaya ninki biyu cikin sauri, ka bar ƙofar fita yadda take, me ka yi? Ka faɗaɗa bakin mazurari ne ka bar wuyansa, kuma mai zai ci gaba da zuba a ƙasa.

Ba yau muka fara wannan kuskure ba. A 1975, ƙarshen mulkin Janar Yakubu Gowon, kuɗin mai ya hau kan gwamnati, aka yi odar siminti kusan tan miliyan 20 zuwa tashar da da ƙyar take iya sauke tan miliyan 1 a shekara. Jirage sama da 400 suka yi cirko-cirko a bakin Legas, wasu suka shafe watanni, siminti ya daskare a cikin wasunsu, ƙasa kuma tana biyan tarar jinkiri kowace rana. Darasin da aka ɗauka shi ne a ƙara gina tasha. Aka gina Tin Can, amma a ina? Dab da Apapa, a kan hanyoyin da suka riga suka shaƙe. Shekara 50 ke nan, tunanin bai motsa daga inda yake ba.

A tsawon wannan lokaci an bar jirgin ƙasa ya mutu. An bar bututun da ke kai mai rumbunan cikin ƙasa ya lalace, aka ba 'yan kasuwa izinin kafa rumbunan mai a Apapa da Ibafon, kusa da tasha, har ya zama tankar da za ta kai fetur Gusau ko Maiduguri sai ta shigo lungu ɗaya da tirelar da ta zo ɗaukar kwantena. Aka miƙa tashoshin ga kamfanoni masu zaman kansu a 2006, suka killace filayensu, wuraren da motoci ke fakewa a da suka ɓace, titi ya zama gareji. Kamfanonin jiragen ruwa kuma suna riƙe da kuɗin ajiya da ɗan kasuwa ya biya a kan kwantena, kullum ana yankar wani abu a ciki har sai ya mayar da ita. Saboda haka dole direba ya ɗauko fankon kwantena ya shiga layi, ko da kamfanin ba shi da inda zai karɓe ta. Kaso mai yawa na motocin da ke toshe Apapa a shekarun da abin ya yi ƙamari iska kawai suke ɗauke da ita.

Amma da an tashi neman mai laifi, sai a nuna direba. Shi ne marar tarbiyya, shi ne ya tare hanya, shi ne ya ɓata unguwa. Duk wanda ya bi ta Ijora ko hanyar Mile 2 zuwa Tin Can a wancan lokaci ya ga yadda waɗannan bayin Allah suke rayuwa, kuma da yawansu yaranmu ne daga Arewa. Tabarma a ƙarƙashin tirela, buta a rataye a jikin taya, yaron mota yana dafa taliya a kan risho a gefen kwalta, wanki a shanye a kan madubi. Mutum ba zai iya barin mota ya je ya yi wanka ba, domin layi na iya motsawa taku goma, ko a dawo a tarar an kwance batir. A gabansa kuma shinge bayan shinge, kowanne da mai kaki ko mai sanda da ke jiran na goro, kuma wanda ya fi miƙawa shi ke wucewa. Wa zai zaɓi wannan rayuwa don jin daɗi? Direban da ake biya bisa lodi, kowane kwana a layi asara ce a gare shi. Masu cin ribar cunkoso su ne waɗanda ke tsaye a kan shingen, da waɗanda ake kai wa kason a ofis.

Shi ya sa duk wani kwamitin ko-ta-kwana ya gaza. A 2017 Osinbajo, yana muƙaddashin shugaban ƙasa, ya sa hannu kan umarnin cewa Apapa ta riƙa aiki dare da rana, hukumomi kuma su haɗu su duba kaya sau ɗaya. A watan Mayun 2019 fadar shugaban ƙasa ta ba da mako biyu a share hanyoyin Apapa, aka kafa kwamiti a ƙarƙashin Osinbajo. An share, an ɗauki hotuna, motoci suka dawo. Abin da ya ɗan yi tasiri shi ne manhajar Eto da NPA ta ƙaddamar a watan Fabrairun 2021, lokacin da Hadiza Bala Usman ke shugabantar hukumar, manhajar da ke sa mota ta zauna a gareji sai an kira ta. Dole a faɗi gaskiya, hanyar Apapa ta samu sauƙi, kuma titin kankare da kamfanin Ɗangote ya shimfiɗa ya taimaka. Sai dai ba a jima ba direbobi suka fara kukan cewa takardar kiran ta koma hajar 'yan kamasho, ana sayenta a farashin hukuma a sayar da ita ninkin-ba-ninkin. Wani ɓangare na sauƙin kuma ba dabarar kowa ba ce: naira ta faɗi, 'yan kasuwa suka rage odar kaya. Ranar da kasuwa ta farfaɗo, za mu ga ko an warke ne ko ciwon barci ya yi.

Ko a Amurka, da jirage sama da 100 suka taru a bakin Los Angeles da Long Beach a ƙarshen 2021, ba sabuwar gaɓa suka tsaya ginawa ba. Sun ba kowane jirgi lambarsa a layi tun daga ranar da ya baro tashar da ya yi lodi, don kada kowa ya yi ta tsere ya zo ya yi zaman jira, sannan suka yi barazanar cin tarar duk kwantenar da ta daɗe a fili. Ba su ma kai ga karɓar tarar ba, kaya suka fara fita. Sun gane cewa fili wurin wucewa ne. Mu kuwa mun mayar da shi sito.

Akwai masu cewa a kwashe kuɗin a kai Warri da Kalaba da Fatakwal. Magana ce mai daɗin faɗi a lokacin siyasa, amma an sha ba da kwangilar yashe hanyar ruwan Kalaba, har yau babban jirgi ba ya shiga, kuma mai jirgi ba ya bin son ran gwamna. Masu cewa sabuwar tashar Lekki ta riga ta warware komai kuwa, su je su ga hanyar Epe. An kashe kusan dala biliyan 1.5, an samu zurfin mita 16.5, an buɗe a watan Janairun 2023, amma ba a ja mata ko taku ɗaya na layin dogo ba, ga matatar Ɗangote a maƙwabtaka da dubban tankokinta. Gudun gara ne ake shirin faɗawa gidan zago.

Maganar da nake so a tsaya a kai ita ce wannan: babu dalilin da zai sa a buɗe kwantenar ɗan Kantin Kwari a Legas. Kayan da aka yi odarsu don Kano, ko Kaduna, ko Katsina, bai kamata su kwana a Apapa suna jiran jami'i ya zo ya fasa hatimi ya zazzage su a rana ba. A sauke su daga jirgin ruwa, a ɗora a tarago da hatiminsu, a yi musu fito a inda mai su yake. Wannan ba sabon tunani ba ne. Tun 2006 gwamnati ta amince da kafa tashoshin tsandauri guda 6, ciki har da Kano da Funtuwa da Jos da Maiduguri. Buhari ya buɗe ta Kaduna a watan Janairun 2018, ya buɗe ta Dala da ke Zawaciki a ƙaramar hukumar Kumbotso a watan Janairun 2023, ta Funtuwa kuma aka buɗe ta a 2024. An yanka kyalle, an yi jawabi, an ayyana su a matsayin tashoshin da kaya za su iya tasowa ko su sauka kai tsaye daga ƙasashen waje. To kwantena nawa ke isa can a jirgin ƙasa a kowane mako? A tambayi 'yan kasuwar Singa, za su ba da amsa da dariya.

Dalilin a fili yake. Sabon layin dogo ya tashi daga Legas ya tsaya a Ibadan tun 2021. Wani ya tashi daga Abuja ya tsaya a Kaduna tun 2016. Ana aikin Kaduna zuwa Kano, ana aikin Kano zuwa Maraɗi mai tsawon kilomita 284. Tsakanin Ibadan da Abuja kuwa, wato gaɓar da za ta haɗa teku da Arewa, babu komai sai takarda. Abin da ya rage shi ne tsohon siririn layin da ya iso Kano a 1911, wanda ya kwashi dalar gyaɗa zuwa Ikko shekara da shekaru, yau kuma ba ɗan kasuwar da zai iya yi wa abokin cinikinsa alƙawarin rana a kansa. Muna gaya wa 'yan'uwanmu na Nijar cewa layin Maraɗi zai janye su daga Kwatano da Lome. Da wane layi kayan nasu za su iso Kano tukuna? Ɗan kasuwar Maraɗi ba yaro ba ne, ya san lissafin kwana da na shinge.

Kuma kada a ɗauka wannan kukan masu shigo da atamfa da kayan gyaran mota ne kawai. Riɗi da zoɓo daga Dawanau, citta daga Kaciya, ƙaro daga Yobe da Borno, fatu daga Kano, duk sai sun yi tafiyar ɗaruruwan kilomita a bayan tirela, sannan su shiga layi ɗaya da fankon kwantena. Citta ba ta jure zafi da laima na makonni a cikin akwatin ƙarfe. Idan ta isa Turai ta yi fumfuna aka ƙi karɓa, ba mai jirgi ke asara ba, ba kuma jami'in da ya riƙe takarda ba. Mai fitar da kaya zai dawo ya rage farashin da yake saye a kasuwar ƙauye, asarar ta sauka a kan manomin da bai taɓa ganin teku ba.

Ga kuma tashar Baro a jihar Neja, a bakin kogin Kwara, wadda aka buɗe a watan Janairun 2019 da alƙawarin cewa za ta rage wa Legas nauyi. An kawo injin ɗaga kaya, aka manta da hanyar da mota za ta bi ta isa wurin. Cutar dai ɗaya ce: muna son ginin da za a yanka wa kyalle, ba ma son aikin haɗa shi da wani abu.

Na san dalilin da ya sa ba a son fito ya bar Legas, kowa ma ya sani. Duk kwantenar da ta wuce da hatiminta zuwa Zawaciki, akwai teburori da yawa da ba ta tsaya a kansu ba, akwai kuɗin ajiyar fili da ba a caje ta ba, akwai shingayen da ba ta biya ba. Za a ce ana tsoron a karkatar da kaya a hanya. A zamanin da mai Keke Napep ke sa wa kekensa na'urar bin sawu, wannan hujja abin kunya ce.

Abin da ya kamata bai da wuyar faɗi. A tilasta wa kamfanonin jiragen ruwa rubuta takardar kaya har Kano ko Kaduna, su kuma karɓi fankon kwantenarsu a can. Kwastam ta kai na'urorin haska kaya da jami'an da ke da ikon sakin kaya ba tare da an bugo waya Legas ba. A gyara tsohon layin ya riƙa tashi a kan lokaci kafin sabon ya iso, a nemo kuɗin Ibadan zuwa Abuja kamar yadda aka nemo na titin gaɓar teku na Legas zuwa Kalaba cikin gaggawa.

Haushina mafi girma yana kan namu. Gwamnonin Arewa 19 suna da ƙungiya, sanatocinmu suna cikin kwamitocin sufuri, shugaban NPA na yanzu, Abubakar Ɗantsoho, ɗan Arewa ne, haka wanda ya gada, haka wadda ta gabace su. Da aka sanar da dala biliyan 1, 'yan siyasar Kudu maso Gabas da Neja Delta sun tashi suna tambayar ina rabon tashoshinsu. Daga ɓangarenmu, yankin da ya fi kowa nisa da teku kuma ya fi kowa biyan kuɗin mota, ban ji an tambayi ko tarago nawa za a saya a cikin kuɗin ba.