Alhaji da Ramuwar Magani

(Ɗakin likita a wani asibiti a Kano. Likita tana kwance abin awo daga damtsen Alhaji, ɗan kasuwar Kwari. Hajiya na zaune a gefe, ta rungume jaka.)

LIKITA: Alhaji, awon jininka 170 bisa 100. Wancan zuwan jinin ya fara sauka, me ya faru?

ALHAJI: A dai duba injin nan naku, likita. Ni garau nake, ko ciwon kai babu.

LIKITA: Hawan jini ai ba ya sallama. Kana shan amlodipine ɗin da na rubuta maka, ƙwaya ɗaya kullum?

ALHAJI: Na sha har na warke.

HAJIYA: Kwana goma ya sha. Da ya ji dama-dama sai ya jefa sauran a durowa, wai kada a yi almubazzaranci.

ALHAJI: To kaya da tsada! Ina kika taɓa ganin mai lafiya yana shan magani?

LIKITA: Lafiyar da ka ji, aikin maganin ne. Danne jinin yake yi, ba ya kashe ciwon. Ka saki, ya miƙe. In ya miƙe kuwa, shanyewar ɓarin jiki ne, ko ƙoda, ko zuciya…

ALHAJI: A'uzubillahi! Daina ambato, na tuba. Yau da daddare ma zan rama.

LIKITA: Ka rama me?

ALHAJI: Kwana ashirin na sha bashi. In haɗiye ashirin ɗin, mu rabu lafiya. Ni ba na kwana da bashi, kowa a Kwari shaida ne.

LIKITA: Kada ka soma! Wannan ba azumi ba ne da ake ramawa. Jininka zai faɗi warwas, ranga-ranga za a kawo mana kai. In ka manta ka tuna a ranar, ka sha. In lokacin na gobe ya gabato, na jiya ya wuce ke nan. Ko biyu ba a haɗawa.

HAJIYA: Faɗa mata gaskiyar abin da ya sa ka bari mana.

ALHAJI: (ƙasa-ƙasa) Takalmina ne suka daina shiga. Idon sawuna ya kumbura, har yaran shago suna cewa Alhaji ya samu kwangila.

LIKITA: Da ka dawo ai. Amlodipine yakan yi wa wasu haka. Sai mu rage ƙarfinsa ko mu canza maka wani, ba kai za ka yanke hukunci a durowa ba. Akwai wani magani da kake sha?

ALHAJI: Babu. Sai ɗan diclofenac na ciwon gwiwa, wurin mai kemis ɗin layinmu. Wannan ai ba magani ba ne, abin taɓawa ne.

LIKITA: Shi da ibuprofen suna ɗaga jini, suna wahalar da ƙoda. Ka ajiye shi, zan duba gwiwar. Hajiya, dunƙule nawa kike sakawa a miya?

HAJIYA: Ni kuma? Ai shi aka kawo.

ALHAJI: Biyar! Ga gishiri cikin tafin hannu. Rubuta, likita, rubuta!

LIKITA: Hukumar Lafiya ta Duniya cewa ta yi kada gishirin mutum ya kai giram 5 a yini, wajen ƙaramin cokalin shayi ɗaya, har da na cikin dunƙule da yajin tsire.

ALHAJI: Tsire kuma me ya yi? Shi da ba ya nan.

LIKITA: To, ƙwayoyi ashirin ɗin nan, ka ci gaba da su ɗaya-ɗaya, lokaci guda kullum. Ka dawo bayan sati biyu.

HAJIYA: Likita… uku suka rage.

ALHAJI: Uku? Ina sha bakwai?

HAJIYA: Ni nake sha da shayin safe.

LIKITA: Innalillahi! An taɓa auna ki aka ce kina da hawan jini? Ba a shan maganin wani, Hajiya. Ki daina daga yau.

HAJIYA: Rigakafi ne, likita. Shekara talatin ina zaune da mutumin nan. In bai kama ni bana ba, baɗi yana tafe.

ALHAJI: To ki biya ni kuɗin sha bakwai ɗina.