A kame bokaye? Masu wannan kira sun bar jaki suna dukan taiki

Tun da Jihar Anambra ta kafa dokar tsaronta a watan Janairun 2025, aka shiga kama masu tsafin kuɗi ana nuna su a bidiyo, wata magana ta samu gindin zama a Kaduna, daga teburin mai shayi a Tudun Wada har shafukan Facebook. Wai mu ma a share gari, a kame bokaye da 'yan bori da masu Dodo da duk wanda ke da alaƙa da addinin gargajiya. Da zarar an tsinci gawa an cire mata wani sashe, ko an kama wanda ya wanke wata baiwar Allah da sunan aljanu, sai maganar ta sake tashi. Abin da ke ba ni haushi shi ne kuɗin goron da ake yi. Yawancin masu kiran ko dokar da suke yabo ba su duba ba. Abin da ta sa wa ido shi ne mai da'awar zai azurta mutum ta hanyar tsafi, da mai haɗa wa 'yan fashi laya, ta kuma yanka wa mai tsafin kuɗin ɗaurin shekara 6 ko tarar naira miliyan 20. Ba ta ce a rufe addinin kowa ba.

Kada a yi mini gurguwar fahimta. Hukuncin yanka don aljani a Musulunci sananne ne, kuma malami ko fasto yana da cikakken 'yancin hawa mumbari ya faɗi abin da littafinsa ya ce. Magana ta a kan hukuma ce, da abin da ya kamata ɗan sanda ya nema idan ya fita kame.

A fara da bori, tunda shi aka fi ambata kuma shi aka fi jahilta. Ba a shiga bori don neman kuɗi. Ƙofarsa ciwo ne: mace ta daɗe tana rama, ko yawan ɓari, ko shanyewar hannu, ko firgita da dare, an sha magani an gaji. Sai a ce iska ce ke nemanta, a shirya girka. Dangi su tanadi sabuwar tabarma, sabuwar ƙwarya da tukunya, kaji, akuya, goro da turare. A keɓe ta a ɗaki, galibi kwana bakwai, ƙarƙashin uwar girka ko uban girka, ana yi mata wanka da jiƙon saiwa da sassaƙe, ana ba ta kunu da garin magani, ana turara ta. A daren ƙarshe a yi kwanan zaune, masu garaya da masu buta ko masu goge su yi ta kiran iskoki ɗaya bayan ɗaya, kowane da takensa da kirarinsa, har a ga wanda ya hau. Ana gane shi ta halinsa. Malam Alhaji tsoho ne mai fararen kaya, yana tari yana jan tasbaha. Ɗan Galadima ɗan sarki ne mai ado da ƙamshi da kyauta ba lissafi. Kuturu yakan naɗe yatsu yana korar ƙuda. Idan zai sauka, sai dokin ko goɗiyar, wato namiji ko macen da iskar ta hau, ta yi atishawa. Duk wannan a bainar jama'a ake yi, miji da iyaye da maƙwabta na zaune, kuma an san kuɗin tun kafin a fara. Ko mutum ya ƙi abin har zuci, dole ya yarda cewa wannan ba shi ne mutumin da ke karɓar kan ɗan Adam a bayan gari ba.

Mai maganin gargajiya kuma, irin wanda ke baza sassaƙe a bakin kasuwa ko yake ɗorin karaya, sana'a yake yi. Da yawansu a sahun farko suke salla.

Wanda ya addabi Kaduna a yau wani ne daban, kuma ba shi da gidan tsafi da za a je a rushe. Jarinsa waya ce da layi uku ko huɗu da asusun banki da aka buɗe da sunan wani. Aikinsa kuma tsari gare shi, kusan iri ɗaya ne ko'ina. Da farko duba kyauta ne, ko sadakar da ba ta taka kara ta karya ba. Zai faɗa miki abin da ya dace da kowace mace mai damuwa: akwai hannu a lamarinki, wata ta kusa ce, kina yawan mafarkin ruwa. Daga nan sai kira da tsakar dare, da wata murya mai kauri da amo, wai sarkin aljanu ne da kansa, ya kira sunanki da na mahaifiyarki, waɗanda ke kika faɗa wa yaronsa kwana biyu da suka wuce. Sai a zo kan turare. Turaren nan ba a samun sa a Kasuwar Barci, ba a samun sa a ko'ina sai wurin mutum ɗaya da shi bokan zai ba da lambarsa, kuma kuɗinsa ya ninka na rago. Kafin a kai nan an riga an ɗaure ki da rantsuwa: in kika faɗa wa wani, za ki haukace ko ɗanki na fari ya mutu. Wannan rantsuwar ita ce ginshiƙin sana'ar gaba ɗaya, don ita ke raba mace da mijinta da 'yan'uwanta, mutanen da za su ce mata tsaya. Ga maza kuma akwai akwati ko ƙwarya da aka shimfiɗa sababbin kuɗi a sama, takarda a ƙasa, a ce kada a buɗe sai bayan kwana bakwai. Ranar da aka buɗe aka ga takarda, laifin naka ne, wai ka karya sharaɗi, sai ka kawo kuɗin gyara. Haka ake tafiya har sarƙar gwal ta tafi, fili ya bi ta.

Ina addinin gargajiya a nan? Babu Jangare, birnin iskoki a wurin 'yan bori, babu girka, babu kakanni. Kuma a faɗi gaskiya, da yawa daga masu wannan aiki ba sa kiran kansu boka. Rawani suke naɗawa, su ajiye allo da tawada a gaban kyamara, wasu kuma su rataya gicciye su ce annabci aka ba su. Ranar da aka ce a kame bokaye, wannan mutumin ko gezau ba zai yi ba. Wadda za a tasa a gaba tsohuwa ce a wani ƙauyen Giwa ko Ikara da kowa ya san ƙofar gidanta.

Masu cewa ai duk tafiyar ɗaya ce, shirka shirka ce, suna amsa tambayar da ba a yi musu ba. Kotu ba ta shari'ar imani, ta cuta take yi.

Cutar kuwa akwai ta, har a wurin masu yi da zuciya ɗaya, kuma nan ne ya kamata a tsaya a yi magana da ilimi. Babban haɗarin shi ne ɓata lokaci. Mai ciki da ta kumbura, kanta na sarawa, ganinta na dishi-dishi, sannan ta fara jijjiga, ba iska ba ce. Hawan jinin masu ciki ne ya kai maƙura, allura take buƙata a asibiti a cikin sa'o'in nan, in ba haka ba a rasa uwa da ɗa. Yaron da zazzaɓi ya rufe, wuyansa ya sanƙare, yana fizge-fizge a lokacin zafi, sanƙarau ne ko zazzaɓin cizon sauro da ya taɓa ƙwaƙwalwa, kuma kowane dare da aka yi ana hayaƙi ana jiran aljani ya yi magana, ji ko gani ko rai ake sayarwa. Mai farfaɗiya kwantar da shi ake yi ta gefe, a kawar da wuta da ƙarfe daga kusa, kada a tura masa cokali ko ruwan rubutu a baki, in ta wuce minti 5 ba ta sake shi ba a nufi asibiti. Akwai ƙwayoyi masu sauƙin kuɗi da ke riƙe ta shekara da shekaru in ana sha kullum ba fashi. Sai kuma zaƙami, wanda sunansa na biyu ma haukata-yaro. Wasu na zuba 'ya'yansa a jiƙo ko a hayaƙi. Alamarsa ba ta ɓuya: ƙwayar ido ta buɗe, baki ya bushe ƙamas, jiki ya yi zafi ba gumi, zuciya na bugawa da sauri, fitsari ya ƙi fita, mutum na kama abin da babu shi a iska yana surutai. Dangi na gefe suna cewa ga aljanin nan ya bayyana, alhali guba ce ke aiki, kuma tsakanin abin da zai bugar da wanda zai kashe tazara kaɗan ce, don ƙarfin ganyen yakan bambanta daga wannan tsiro zuwa wancan.

To, hani zai magance wannan? Tarihinmu ya riga ya amsa. Masu jihadin 1804 sun yaƙi bori. Turawa sun hana shi a farkon mulkinsu. Bayan dawo da shari'a a shekarar 2000 an sake matsa masa a jihohi da dama. Kowane karo daga dandali yake tashi ya koma cikin gida, inda ba mai ganin abin da ake ɗura wa marar lafiya. Wadda ta fahimci lamarin ita ce Nana Asma'u 'yar Shehu. Ta gane cewa matan karkara na zuwa wurin Inna, shugabar bori, ne don a can ake sauraron kukansu, sai ta kafa 'Yan Taru, ta naɗa jajis, wato mata jagorori masu koyarwa, ta ɗora musu malfa irin wadda shugabar bori ta Gobir ke sawa, ta tura su ƙauyuka da karatu da waƙa. Ta ba mata wurin zuwa. Mu me muka tanada? Asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Barnawa shi mutane ke yi wa tururuwa daga jihohin maƙwabta, kuma matar da ke wani lungu na Birnin Gwari ko Kauru sai ta sayar da akuya kafin ta ga ƙofarsa. Har yau cutar da ke shanye ƙafar yara shan inna muke ce mata, da sunan iskar da aka ɗora wa laifin. Abin da ya kawar da ita har aka tabbatar wa Najeriya a 2020 ɗigon rigakafi ne da aka bi gida gida da shi. Ba a kama ko ɗan bori ɗaya ba kafin a kai ga haka.

Kuma wanda duk ke zaune a garin nan ya tuna watan Satumbar 2019, lokacin da 'yan sanda suka fito da mutum sama da 300 daga wani gida a Rigasa, da yawa da mari a ƙafa da tabon bulala a baya. Babu garaya a gidan nan. Da sunan gyaran tarbiyya aka tara su, iyaye da kansu suka kai su suna biya. Wanda ya ce cutar da marasa lafiya da kangararru sana'ar masu gargajiya ce kaɗai, bai faɗi gaskiya ba, kuma ya sani.

Akwai wani ɓangaren da masu kiran ba sa lissafawa, ko kuma suna sane suka kawar da kai. Kaduna ba Hausawa kaɗai ba ce. Bikin Afan da ake yi a Kagoro ranar 1 ga Janairu tushensa tsarkake dutse ne da buɗe farauta, yau kuwa da addu'ar coci ake buɗe shi. Tuk Ham na Kwoi haka. Abin da Bahaushe ke kira Dodo, Atyap na ce masa Abwoi, kuma a da shi ne kotu, shi ne makarantar da ake shigar da yara maza cikin manya. Yawancin jikokin masu yin sa Kiristoci ne yanzu, amma ka aika mota ta kwashe masu shigar Dodo ranar biki ka ga yadda za a fassara shi a jihar da ta ga rikicin Kafanchan a 1987, ta ga na Zangon Kataf a 1992, ta ga na shari'a a 2000. Wa zai rubuta jerin abin da ya zama tsafi da abin da ya zama al'ada? Wane jami'i? Sashe na 38 na kundin tsarin mulkin 1999 bai ware addinai biyu ya ce su kaɗai ya sani ba, kuma Bamagujen da ya rage yana yanka wa kan gidansa zakara kafin shuka ɗan ƙasa ne kamar kowa.

Abin takaicin ma, dokar da ake kuka a kafa tana nan tun 1960. Kundin Penal Code na Arewa ya ware babi guda a kan tsafi da maita da rantsuwar gwaji, ya haramta mallakar kan mutum, ya kuma haramta jifan wani da maita. Wannan na ƙarshen fa? Sau nawa aka ja tsohuwa tsakar gida aka ce ta kama kurwar yaro, a tilasta mata tsallake shi, a ba shi ruwan da ta kuskure baki, wani lokaci a bi ta da duka har lahira, yaron kuma na fama da ciwon da gwajin jini ɗaya zai nuna? Masu wannan aika-aika ba 'yan bori ba ne, maƙwabta ne masu zuwa masallaci da coci, kuma da wuya ka ji an gurfanar da su. Damfara ma tana da dokarta ta 2006. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a Janairun 2023 ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958, ta ba marar lafiya haƙƙi a kan wanda zai ɗaure shi.

Don haka a bi kuɗin. Kowane turaren aljanu ta asusun banki ko na'urar POS ake biyan sa, kowane kiran tsakar dare da layin da aka yi wa rajista ake yin sa. Gidajen rediyon da ke sayar wa mai maganin mallaka da buɗin kasuwa rabin awa su amsa tambaya a kan abin da suke watsawa. Su kuma sarakunan bori da uwayen girka da masu sassaƙe, ma'aikatar lafiya ta kira su ta zauna da su, tunda wurinsu ake fara zuwa ko an so ko an ƙi, a koya musu alamomin nan huɗu ko biyar da in sun gani za su ce a ɗauke ta yanzu, a kuma ba su lambar wanda za su kira a asibiti mafi kusa. An yi irin wannan da ungozomomi, ba a ce sai sun bar sana'a tukuna ba.