Meyers Manx: aikin yana shasi, ba a ganga ba

Makanikan Tahoua da ke sha'awar harhaɗa ƙaramar motar rairayi, ku san tarihin Bruce Meyers. Mai ƙera kwale-kwale ne a Kalifoniya ta Amurka. A 1964 ya zuba gangar mota da faiba, ya ɗora mata injin Volkswagen Beetle, wadda muke kira Coccinelle, ya sa wa motar suna Meyers Manx. Guda 12 na farko tsada ta yi musu yawa, sai ya sauya dabara: shi ya sayar maka da ganga, kai ka nemo tsohuwar Beetle ka rage tsawon shasinta. A 1967 motar ta ci tseren Mexican 1000, kasuwa ta buɗe. Amma ganga ba ta da wuyar kwafa. Wasu suka ɗauki zubinta suka cika gari da ita, ya kai ƙara kotu bai yi nasara ba, kamfanin ya rufe a 1971 bayan ya sayar da kusan 6,000. Wallahi abin da ban takaici.

Ni a ganina masu kwafar nan abu mai sauƙi suka ɗauka, mai wuyar kuma suka bar wa mai saye. Santimita 36 ake cirewa daga tsakiyar shasi. Cikin ƙashin bayan shasin, wato dogon kwaroron ƙarfen da ya ratsa tsakiyarsa, akwai sandar giya, bututun wayar kuloci, na wayar totur da bututun mai. Kowanne sai an rage shi daidai, haka ma bututun birkin baya. In ka yi walda ba ka auna daga kusurwa zuwa kusurwa ta ɓangarorin biyu ba, mota za ta riƙa tafiya a karkace tana cin taya. In waldar bututun kuloci ta saki a ciki, giya ta daina shiga, dole a sake huda ƙarfen.

Sai zafi. Injin nan ba shi da ladiyeta, iskar fanka ce ke sanyaya shi, don haka kada a cire gwangwanayen da ke kewaye da shi saboda kwalliya. A tsofaffin injuna silinda ta 3 ke fara ƙonewa, domin abin sanyaya baƙin mai yana tare mata iska. Tazarar bawul a saita ta milimita 0.15 inji yana sanyi. Baƙin mai lita 2.5 ne kacal, kuma ba filta sai rariya, saboda haka mai bin ƙurar hanyar Abalak kada ya jira kilomita 5,000 kafin ya juye shi.