Ciwo guda, mun raba shi gida uku

Shekara huɗu ƙanwata tana fama da ciwo guda, mu kuma muna yanka shi gunduwa-gunduwa. Ɗigon da ke cinyarta aka ce borin jini ne. Gudawa da zafin ciki aka ce olsa. Ranar da ta yanke jiki ta faɗi cikin trotro, wato motar haya, tsakanin Aboabo da Kejetia a Kumasi, rana tsaka, gwaggonmu ta ce iska ce, a nemo rubutu. Ba na raina addu'a, ni ma na yi. Amma babu wanda ya taɓa haɗa ukun nan wuri ɗaya.

Sai wata likitar fata ta sa yatsa ta goga ɗigo ɗaya. Kafin minti biyar wurin ya tashi, ya kumbura, yarinya ta hau susa. Wannan ce likitoci ke kira alamar Darier. Ta tambaya, "Kina suma? Cikinki fa?" Ƙanwata ta juyo ta ce, "Yaya, ashe duk abu ɗaya ne?"

Sunansa mastosaitosis. Akwai ƙwayoyin garkuwar jiki da ake kira mast, waɗanda wani likita Bajamushe, Paul Ehrlich, ya bayyana a 1878. Idan suka yi yawa sukan taru a fata, ɓargo, hanta, saifa da hanji, su riƙa zubar da histamin, sinadarin da ke jawo ƙaiƙayi da kumburi, ba gaira ba dalili. Daga nan ƙaiƙayi, gudawa, faɗuwar jini, har ƙashi ya yi rauni. A yara galibi kan tsaya a fata, ya lafa wajen balaga. A manya yawanci ya shiga ciki, kuma mafi yawansu na da wani sauyi a ƙwayar halitta da ake kira KIT D816V. Shi ya sa ake auna tiriftes a jini, wani sinadari da ƙwayoyin mast ke fitarwa, a ga ko ya yi yawa, a kuma ɗebi ɓargo a duba.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne hotunan littattafai kusan duk na farar fata ne. Jan fuskar da ake nema a matsayin alamar ciwon, a jikinmu wa zai gani?

Mu ma da namu laifin. Ciwon kai kaɗan, sai a aiki yaro kemis ya sayo asfirin ko diklofenak, alhali ga wasu masu ciwon nan su ne ke tayar da shi, kamar zafin rana da harbin ƙudan zuma. Ni da hannuna na sha miƙa mata. Yanzu allurar adirenalin, ta agajin gaggawa idan ciwon ya tashi da ƙarfi, tana cikin jakarta, kusa da carbi, kuma sai da na koya wa gwaggo yadda ake soka ta a cinya.