"Ina ruwanka?" da muke shayar da 'ya'yanmu

Ranar Lahadin da ta wuce na leƙa wani gida bayan an tashi daga sujada, na ga abin da har yanzu yake ci mini rai. Yaron gidan ya fasa gilashin taga da ƙwallo, uwar ta fito ta hau 'yar aikinsu da faɗa har da mari. Sai ƙanwar yaron, ƙaramar yarinya, ta ce, "Mama, ba ita ba ce, yaya ne." Uwar ta murɗe mata kunne, ta ce, "Wa ya tambaye ki? Ina ruwanki?" Da safiyar nan fa aka kai yarinyar makarantar Lahadi.

'Yan'uwana iyaye, wannan "ina ruwanka" ita ce ta dame ni. Yaro ya dawo daga makaranta ya ce an taru ana dukan wani saboda yana in'ina, mu ce ina ruwanka. Ya ce malami ya hukunta wanda bai yi laifi ba, mu ce rufe bakinka kada ka jawo mana magana. Wai hikima muke koya masa. Wace irin hikima? Mutumin farko da ya ba Allah irin wannan amsa Kayinu ne, a Farawa 4:9, lokacin da aka tambaye shi ina ɗan'uwansa Habila. A misalin da Yesu ya bayar na Basamariye nagari, firist da Balawen da suka ratse ta gefe suka bar wanda 'yan fashi suka raunata a hanyar Yariko, ai ba su daki kowa ba, ba su sace komai ba. "Ina ruwana" kawai suka yi, Yesu kuwa bai yabe su ba.

Muna son Karin Magana sura 31 saboda mace tagari, amma daga aya ta 10 muke fara karatu. Ayoyi na 8 da 9 fa? Can ne aka ce mutum ya buɗe bakinsa domin wanda ba ya iya magana, ya yi shari'ar gaskiya, ya tsaya wa matalauci da mabukaci. Wa ya koya wa Sarki Lemuwel wannan? Mahaifiyarsa. Uwa ce ta zaunar da ɗanta ta ce masa buɗe baki, mu kuwa rufewa muke koyarwa, sannan mu zo muna kukan cewa shugabanni ba su da tausayi. A gidan wa suka tashi? Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe.

Wani zai ce ai an umarce mu mu juya ɗaya kuncin. Haka ne, amma kuncinka aka ce, ba na maƙwabcinka ba. Ubangiji Yesu da kansa, da wani dogari ya mare shi a gaban babban firist, bai rama ba, bai kuma yi shiru ba. Tambayarsa ya yi, in gaskiya ya faɗa, don me aka mare shi (Yohanna 18:23). Ba ramuwa nake cewa a koya wa yara ba, Romawa 12:19 ta riga ta hana. Amma kada mu ɗauki tsoro mu sa masa suna haƙuri.

Af, ban ma taɓo iyayen da ke biyan kuɗi a saci jarrabawa domin 'ya'yansu ba, su zo coci su ba da shaidar cewa Allah ya yi. Ko matasan da in sun ga ana cin zalin wani sai su zaro waya su ɗauka su ɗora a Facebook, ba mai cewa a bari. Ko yadda muke tashi da rawar jiki mu ba mai kuɗi kujerar gaba, abin da Yakubu sura 2 ta tsawata a kai ƙiri-ƙiri. Yara suna kallon duk wannan, sun kuma fi gaskata idonsu a kan wa'azinmu.

Eli firist ne, ya san 'ya'yansa Hofni da Finehas suna ƙwace naman hadaya daga hannun masu sujada. Ya ɗan yi musu magana, bai hana su ba. Allah ya ce ya girmama 'ya'yansa fiye da shi. Rana ɗaya suka mutu su biyun, tsohon ya faɗo daga kujera yana da shekara 98. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, mun sani, amma wani gefe muke tanƙwarawa? A wa'azi mukan yabi William Wilberforce, wanda ya yi kusan shekara 20 yana fafutuka kafin majalisar Birtaniya ta haramta cinikin bayi a 1807. Da a gidanmu ya tashi, da tun yana ƙarami mun murɗe masa kunne.

A gyara, don Allah. In yaro ya faɗi gaskiya a saurare shi, ko da kai ta taɓa.

Da muna yara, in ka dawo gida ka ce an cuci wani a gabanka, tambayar farko ita ce, "Kai kuma me ka yi?" Kunyar gida ce a ce ɗanka ya tsaya kallo. Dattijo kan tsawata wa ɗan kowa, iyaye su bi shi da godiya. Yanzu ka ce wa ɗan wani ya daina dukan ƙaramin yaro, kafin yamma uwarsa tana ƙofar gidanka tana tambayarka ina ruwanka.