Ba sabuwar rijiya muke nema ba, a gyara wadda ta tsaya

Yau kwana 11 ke nan babu ko ɗigon ruwa a famfo a garinmu, kuma amsar da aka ba jama'a jiya ita ce a yi haƙuri, za a haƙa sabuwar rijiyar burtsatse a kasafin baɗi. Wallahi da na ji maganar nan raina ya ɓaci fiye da ranar da ruwan ya ɗauke. Wa ya ce muku rijiya ce ta ƙafe? Ruwa na nan a ƙarƙashin ƙasa inda Allah Ya ajiye shi. Tanki na nan tsaye, bai tsage ba. Farantan sola na nan, rana kuma ba ta fasa fitowa ba. Injin da ke cikin rijiyar ne ya ƙone, kuma kowa ya san abin da ya ƙona shi.

Irin wannan inji, ruwan da yake turowa shi ne ke sanyaya shi. Idan ruwa ya ja baya ya ci gaba da juyawa a bushe, zafi zai cinye wayoyinsa. Shi ya sa ake haɗa shi da wata 'yar na'ura mai kashe shi da zarar ruwa ya yi ƙasa. Na'urar nan ta lalace tun watannin baya. An faɗa, an sake faɗa, wanda ke kula da wurin ya kai ƙorafi da bakinsa har ya gaji. Babu wanda ya ɗauki maganar a matsayin tasa. Abin da kuɗinsa bai taka kara ya karya ba, shi ya jawo asarar inji sukutum.

Matsalar ƙaramin gari ba rashin gini ba ce, rashin gyara ne. Zan maimaita har sai an gaji da ni: gyara ne babu. Ku zaga da ƙafarku ku ƙirga famfunan tuƙa-tuƙa nawa ne suka zama wurin ɗaure awaki. Yawancinsu ba wani mugun ciwo ya kashe su ba, robar da ke cikin silinda ce ta cinye, ko sarƙa ta tsinke, ko ƙusa ta kwance. Famfon da ake kira Afridev tun asali an ƙera shi ne yadda mutanen gari za su iya zaro kayan cikinsa su sauya roba da kansu, ba sai an ɗauko injiniya daga birni ba. Amma ina robar? Wa ya ajiye ta? Wa aka koya wa sa ta? Ranar ƙaddamarwa ana zuwa da motoci, a kafa allo, a ɗauki hoto. Ranar da roba ta cinye kuwa ba a ganin kowa, domin sauya roba ba ya shiga hoto, kuma ba a kafa masa allo.

Na san abin da za a ce: babu kuɗi. To kuɗin sabuwar rijiya daga ina zai fito? Wanda ke da halin haƙa rijiya, ya sayi tanki, ya sayi inji, bai isa ya ce min ba shi da halin biyan makaniki ɗaya albashi ba. Wasu kuma za su ce ai mutane ne ba sa biyan kuɗin ruwa. Ku je ku ga abin da magidanci yake kashewa wurin masu sayar da ruwa a jarka cikin kwanakin nan 11, sannan ku dawo ku gaya min mutane ba sa son biya. Abin da mutane suka ƙi shi ne su biya su rasa inda kuɗin ya shiga. A buɗe asusu na gyara kaɗai, a liƙa lissafinsa a bango duk wata, a ga ko za a ƙi biya. Masu cewa yara ne ke lalatawa, ko ɓarayi ne ke kwancewa, ba zan ma tsaya a kansu ba. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Akwai wanda ya rubuto min cewa mu gode wa Allah, ai ƙaramin gari ne, kakanninmu ma daga rafi suka sha. Muna godiya ga Allah dare da rana. Amma ɗan'uwa, godiya ba ta sauke wa mai riƙe da amana nauyin da ke kansa. Tun shekarar 2010 Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince cewa ruwa mai tsafta haƙƙi ne na kowane ɗan'adam, kuma ba a ce ban da mutumin karkara ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutum ɗaya na buƙatar aƙalla lita 20 a rana, wato jarka guda, don sha da girki da ɗan abin da ba a rasa ba na tsafta. Gida mai mutum 10, jarka 10 ke nan kullum. Kowace jarka nauyinta kilo 20. Ku tambayi kanku a kan wa wannan nauyi yake sauka. A kan mata yake sauka, da yaran da ya kamata a ce suna aji a lokacin.

Abin da ya fi tsorata ni ma ba ƙishin ba ne. Bututun da ya kwana babu ruwa a cikinsa ba ya zama lafiya lau. Muddin ruwa na gudu da ƙarfi, ko da akwai huda, waje yake tsartuwa. Da zarar bututu ya zama fanko, sai hudar ta koma zuƙo abin da ke kewaye da ita: ruwan kwata, tsatsagar masai, duk abin da ƙasa ta sha. Ranar da aka dawo da ruwa, wannan ƙazantar ce za ta fara isa gidajen mutane. Shin akwai wanda ya yi tanadin wanke layin da kulorin, sinadarin da ke kashe ƙwayoyin cuta a ruwa, kafin a ce wa jama'a su ɗiba? Akwai ma wanda ke da abin auna kulorin ɗin?

Kada wani ya ɗauka wannan ciwon ƙasashe matalauta ne kaɗai. A watan Mayun 2000, a wani ƙaramin gari mai suna Walkerton a ƙasar Kanada, mai mutane wajen 5,000, ruwan sama ya wanko kashin shanu daga gona ya shiga ɗaya daga cikin rijiyoyin garin. Masu kula da ruwan ba sa zuba kulorin yadda ya kamata, kuma sun daɗe suna cike takardun awo da lambobin ƙarya. Mutum 7 suka mutu, sama da 2,300 suka kwanta. Suna da rijiyoyi, suna da tanki, suna da bututu, suna da kuɗi. Kulawar yau da kullum ce ta yi rauni, sai ga gawarwaki. In haka ta faru a inda asibiti ke kusa, ina ga garin da mai amai da gudawa sai an yi tafiya mai nisa da shi kafin a samu mai sa masa ƙarin ruwa?

Don haka hukumar gari ta ji da kyau. Ba mu ƙi sabuwar rijiya ba, in an samu hali a haƙa goma. Amma rijiyar da ba a ware mata mai gyara da kuɗin gyara ba, tun ranar haƙa ta aka fara ƙirga kwanakinta. A gyara injin nan a makon nan. A sauya na'urar da ta jawo ƙonewarsa, in ba haka ba sabon ma zai bi sahun tsohon. A faɗa mana sunan mutum ɗaya, da lambarsa, wanda in ruwa ya tsaya shi za a kira kuma shi zai amsa. Gyara kayanka bai taɓa zama sauke mu raba ba.

Wani abu kuma da ya tsaya min a rai tun shekaranjiya. Da aka zo neman inda marufin babban bututun ruwa yake don a rufe, an fi awa biyu ana tone-tone, sai da aka aika aka ɗauko dattijon da ya yi aikin shimfiɗa bututun tun yana saurayi. Da sandarsa ya nuna wurin, aka tona, sai ga shi. Ashe duk taswirar bututun garin nan a kansa take, babu ko layi ɗaya a takarda. Baba ya tsufa, idonsa ya fara rauni. Don Allah a samu matashi ɗaya mai littafi da biro ya bi shi lungu-lungu tun yana iya fita.