Asibiti ya koma kwamfuta, amma wayar tana hannun wa?

Duk wanda ya taɓa yin layi a ɗakin kati na babban asibiti ba zai yi kewar tsohon tsari ba. Fayil ya ɓace, ma'aikaci na ta lalube cikin tulin takardu, mara lafiya na zaune kan benci tun sassafe, daga ƙarshe a buɗe masa sabon kati kamar bai taɓa zuwa ba. Shi ya sa nake goyon bayan a zuba bayanan marasa lafiya a kwamfuta. Mun ma ga amfanin irin wannan a lokacin korona, sa'ad da hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasa (NCDC) ta yi amfani da manhajar SORMAS wajen bibiyar waɗanda suka kamu.

Abin da ke damuna shi ne mutumin da masu tsara waɗannan manhajoji suke da shi a zuciya: mai wayarsa ta kansa, layi da sunansa, lambar NIN a hannu, ga kuɗin data. A Unguwar Rogo ko Gangare a nan Jos, gidaje da yawa babbar waya ɗaya ce, kuma tana aljihun maigida ko babban ɗa. To, mace ta je awo, an ɗebi jininta, aka ce sakamako zai zo ta saƙo. Lambar wa ta bayar? In gwajin ya nuna ciwon hanta ko cuta mai karya garkuwar jiki, wani ne zai riga ta sani, babu ma'aikaciyar jinya a kusa da za ta zaunar da su ta yi bayani. Aure na iya mutuwa a kan saƙo guda. Ko da wayar tata ce, in ba ta karanta Turanci, dole ta miƙa wa yaron maƙwabta ya karanta mata. Dokar kare bayanai ta 2023 ta sa bayanan lafiya cikin waɗanda ake tsananta tsaronsu, madalla, sai dai dokar ba ta san wanda ke riƙe da wayar a tsakar gida ba.

Batun biyan kuɗi kuwa, ƙarancin takardun naira a farkon 2023 ya isa darasi. An cire kuɗi daga asusunka, alat bai shiga ba, mai karɓa ya ce sai ya gani a kwamfuta, mara lafiya kuma na kwance yana jira. Mai POS na bakin ƙofa shi ma sai ya yanki nasa.

Haka abin yake a tallafin gwamnati. A Oktoban 2023 aka sanar da naira 25,000 duk wata, na wata uku, ga gidaje miliyan 15, daga baya aka ɗaura biyan a kan tantancewa da NIN. Manufar toshe sunayen bogi ce, kuma daidai ne. Amma tsohon da fartanya ta cinye zanen yatsunsa har na'ura ta ƙi karɓa, ko gwauruwa a ƙauyen Wase da sai ta biya kuɗin mota kafin ta kai wurin rajista, su ne suka fi buƙata, su ne kuma rariyar ke fara zubarwa. Ga shi a Janairun 2025 hukumar sadarwa ta ƙasa (NCC) ta amince da ƙarin kashi 50 cikin 100 a kuɗin kira da data.

Tun 2022 doka ta wajabta inshorar lafiya ga kowa, don haka nauyi ya hau kan hukumar inshorar lafiya ta ƙasa (NHIA) da takwararta ta jihar Filato (PLASCHEMA) su buɗe ƙofar da kowa zai iya shiga. A bar tebur da mutum mai jin Hausa da harsunan yankin, wanda zai yi wa mara waya rajista hannu da hannu. A tambayi mace ita kaɗai ko ta yarda a tura saƙo, kuma sakamako mai nauyi kada ya bi waya ko kaɗan, a faɗa mata ido da ido. Sannan a rubuta ƙa'ida a manna a bangon sashen gaggawa: in wuta ta ɗauke ko sabis ya yanke, a fara duba mara lafiya, a rubuta a takarda, a shigar daga baya.